Irin Kabewa a Ƙirjin Halifa

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman masu goyon fari. Sunana Rabi. A cikin gari nake aure, lungunmu bai da nisa da Ƙofar Mazugal. Malamarmu ta Islamiyya ce ta sa ni in rubuta jinyar yarona, ta ce a karanta wa aji, in ya so a tura wa wasu ta waya. Karatuna bai yi nisa ba, a aji biyu na ƙaramar sakandare na tsaya shekarar da mahaifinmu ya rasu, don haka duk wadda ta ga kuskure a rubutun ta yi haƙuri. Abin da ya faru kawai zan faɗa, yadda ya faru. Yaron yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Amma sati biyar ya yi da irin kabewa a cikin huhunsa, kuma duk satin nan biyar akwai abin da na sani ban faɗa ba.

Gidanmu gidan gado ne, ginin ƙasa. Mu huɗu ne a ciki: ni, da maigidana wanda baduku ne a Kasuwar Kurmi, da mahaifiyarsa Hajiya, sai yaron. Sunan kakansa marigayi aka sa masa, shi ya sa kowa Halifa yake ce masa. Ni ko Halifan ba na faɗa a gaban mutane, “yaron nan” nake cewa, don ɗan fari ne. Haka na taso na gani a gidanmu. Uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya faɗi ba ita ke fara rugawa ba. Tun da aka yaye shi Hajiya ta ɗauke shi. Ɗakinta yake kwana, ita ke ba shi abinci, ita ke kiransa maigidanta. In ya ƙi cin tuwo sai ta ce, “Ji min miji! Ba cefane, ba sabulu, sai zaɓen miya.” Ban taɓa jin haushin haka ba. Tana son sa, kuma ni ban san wata hanya ba.

Abin da yake nawa ni kaɗai a gidan shi ne 'yan shuke-shukena. Tsakanin rijiya da katanga akwai wani ɗan fili da bai fi tabarma biyu ba. A nan na jera tsofaffin bokitai da yankakkun jarkoki da buhunan siminti, na cika su da ƙasa da takin awakin maƙwabta. Akwai zogale biyu, da rama, da alayyahu, da attaruhu, da albasa mai lawashi. Ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka nake tarawa ina ba su. Hajiya ba ta taɓa son abin ba. Ta ce yana tara sauro, kuma danshi zai ci gindin katanga. “Katangar nan ta girmi uwarki, Rabi. Ranar da ta zube a kan ramarki, da ita za ki mayar mana?” Amma in na yi kwaɗon zogale ba ta cewa a'a.

Ranar wata Alhamis ce, ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa. Hajiya ta tafi gaisuwar rasuwa wajen Ƙofar Wambai, ta bar min yaron, lokacin shekararsa biyu da wata huɗu. Na fito da irin kabewar da na busar tun bara, na baza a faifai ina zaɓen masu ƙwari, don so nake in shuka ta yi yaɗo ta hau katanga. Sai na ji tukunya tana ƙauri. Na tashi na sauke, ban fi minti biyu ba.

Tari na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Na same shi tsugune gaban faifan, baki a buɗe, idanu sun firfito, leɓɓansa sun yi duhu. Na kifa shi a cinyata ina dukan bayansa. Ya tofo guda biyu da ya fara taunawa, ya yi ta tari har da hawaye, can sai numfashi ya dawo. Na ba shi ruwa ya sha. Kafin a kira azahar yana bin kaza a tsakar gida. Na share wurin, na ɗaga faifan. Da Hajiya ta dawo ta ce, “Maigida bai ba ki wahala ba?” Na ce a'a.

Na yi ta tambayar kaina dalili. Tsoro ne da farko: rana ɗaya aka bar min shi, kuma da kayan lambun da aka daɗe ana min faɗa a kansa. Sannan na ga ai ya wuce, me zan tayar? Bayan kwana biyu ruwan farko ya sauka, na shuka ragowar irin.

Satin farko tari ne busasshe, jefi-jefi. Hajiya ta ce sanyin ruwan farko ne, ta haɗa masa zuma da lemon tsami, ta shafe ƙirjinsa da man zafi, ta sa masa rigar sanyi a wannan zafin. Yana ci yana wasa. Ni ce mai yi masa wanka, a nan na fara jin wani abu. In na sa kunnena a bayansa wajen goge shi, ɓangaren dama yana wata 'yar ƙara siririya kamar ana fito daga nesa. Hagu shiru.

Sati na biyu tarin ya ƙaru, in ya yi gudu kaɗan sai ya tsaya ya dafa gwiwa kamar tsoho. Babansa ya biya kemis ɗin bakin titi aka ba shi sirof kala biyu. Duk wadda ta shigo gidan da nata maganin. Wata ta ce man shanu da tafarnuwa, wata ta ce a yi masa sirace da ganyen darbejiya, wata ta ce asma ce, ai dangin uwarsa suna da ita, alhali babu mai asma a danginmu. An karɓo rubutu ya sha. Duk an yi, kuma na gode musu, don babu wadda ta zo da mugun nufi. Kabewar kuwa ta tsiro ta yi ganye huɗu. In zan ba shuka ruwa sai in kawar da kai daga wajenta.

Sati na uku zazzaɓi ya shigo. Muka tafi asibitin da ya fi kusa da mu, ni da Hajiya. Tun bayan asuba muka fita, duk da haka mun tarar da layin kati ya kai bakin ƙofa. Wata mai shara ta ga Hajiya a tsaye ta janyo mata benci, Allah ya saka mata. Wata ma'aikaciya kuma ta yi ta daka mana tsawa don mun tsaya a inda ba a tsayawa, kuma babu wanda ya nuna mana inda ake tsayawar. Sai wajen sha biyu muka ga likita. Saurayi ne, da gani ya gaji, ko ɗaga kai bai cika yi ba.

Hajiya ce ta zauna a kujera da yaron a cinya, ni ina tsaye a bayanta riƙe da jaka. Ya tambayi kwana nawa, ta faɗa. Ya sa abin sauraron ƙirji, ya ɗan daɗe a dama. Sannan ya ce, “Ko ya taɓa ƙwarewa da wani abu? Gyaɗa, ko wake, ko wani abin wasa?”

“A'a, likita,” in ji Hajiya. “Yaron nan a hannuna yake dare da rana. Gyaɗa ma ba na ba shi.”

Gaskiyarta ta faɗa. Ni kuwa har na buɗe baki zan faɗa. Amma in na yi magana, na ƙaryata surukata a gaban namiji baƙo, na nuna na fi ta sanin ɗan da take riƙo, kuma na tona cewa sati uku ina ɓoye mata. Kafin in gama wannan tunanin ya rubuta takarda. Ya ce nimoniya ce, wato ciwon huhu, a yi allura kwana biyar, in bai ji sauƙi ba a dawo. Ban ga laifinsa ba. Ya yi tambayar da ta kamata.

Allurar ta sauke zazzaɓin. Na yi murna, na ce wa raina to ashe nimoniyar ce, abin faifai bai da alaƙa. Amma fiton nan na dama bai tafi ba. Kuma na lura in yana barcin rana, kullum a gefen dama yake kwanciya. In na lallaɓa na juya shi hagu, ba ya minti ɗaya sai ya farka da tari. Kwana shida da gama allura zazzaɓin ya dawo, ya fi na farko. Ya daina cin tuwo, sai kunu cokali uku. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

A sati na huɗu Hajiya ta yanke cewa beli ne. Lokacin suna babansa ya hana a cire masa, don a asibitin haihuwa an ce a daina. Yanzu ta ce ga sakamakon nan, belin ya yi tsawo yana taɓa maƙogwaro. Babansa ya ce a yi abin da ta gani. Aka aika wa Baba Wanzam, tsohon da ya yi wa maigidana askin suna.

Da hantsi ya zo da zabirarsa, ya zauna a tabarma a zaure, Hajiya ta riƙe yaron, ni ina bakin ƙofa da kwanon ruwan ɗumi. Ya danne harshen da wani ɗan itace, ya juya shi wajen haske ya duba. Sai ya ajiye itacen, ya ɗaga rigar yaron ya manna kunnensa a ƙirji, ya koma baya, dama, hagu, dama. Ya mayar da askarsa cikin zabira.

“Hajiya, belin nan bai yi laifin komai ba.”

“To me ke sa shi tari?”

“Kukan daga ƙasa yake fitowa, kuma gefe guda. Askata ba ta kai can.”

“In tsufa ne ya sa hannunka rawa, ka faɗa mana mu nemo wani.”

“Bai yi rawa ba ranar da na yi wa ɗanki kaciya, ga jika nan shaida.” Hajiya ta ja tsaki tana dariya. Ya ce, “Wasa a gefe. Ku kai shi a ɗauki hoton ƙirjinsa. In kuka kira wani wanzamin zai cire muku belin, yaron ya zubar da jinin da ba shi da shi, tarin yana nan.” Ya ɗago ya dube ni. “Ke yarinya, ba ki ga komai ba?”

“Me ta sani?” in ji Hajiya. “Wurina yake kwana.”

Na sunkuyar da kai. Karo na biyu ke nan. Ko goron da aka ba Baba Wanzam bai karɓa ba, ya ce bai yi aiki ba. Allah ya ƙara masa lafiya.

Sai da aka shiga sati na biyar muka koma asibitin, don babansa ya so a ƙarasa wani maganin da aka fara. Wani likitan muka samu, ya rubuta hoto. Ranar farko babu wuta kuma injin ya ƙi tashi, aka ce mu dawo gobe. Washegari muka zauna a dogon benci a gaban wata ƙofa mai nauyi da jar fitila a samanta. Akwai mai karaya a gadon turawa, akwai tsoho mai tari, akwai wata mai riƙe da ƙugu. Duk wanda ya shiga sai fitilar ta kama ta mutu, ya fito.

Da aka kira sunan yaron wata mata ce ta leƙo, ba ta kai Hajiya ba amma ta girme ni sosai, farar riga a kan atamfa, da ƙaramin hijabi. Daga baya na ji ana ce mata Malama Zinatu. Ta ce, “Wace ce uwar yaron?”

Hajiya ta yunƙura. “Ni ce kakarsa, ni ke riƙonsa.”

“Sannu Hajiya, ki huta. Rigar da mai riƙe shi za ta sa ta fi buhun gero rabi nauyi, in na ɗora miki 'ya'yanki za su kai ni ƙara. Uwar ta zo.”

Ta rufe ƙofa. Ɗakin sanyi, babu taga, ga wani gado mai tauri da na'ura rataye a samansa. Kafin komai ta tsaya a gabana ta ce, “Kina da ciki?” Na ce a'a. “Kin tabbata? Yaushe rabonki da al'ada?” Na faɗa mata. Ta ce hasken na'urar ba ya son ɗan tayi, shi ya sa take tambaya. A sati biyar ɗin nan ita ce ta farko da ta yi min tambaya babu wanda zai amsa a madadina.

Ta sa min rigar, da gaske nauyi ne da ita. Ta nuna min yadda zan ɗaga hannayensa sama in riƙe, ya yi ta kuka, ta ce kukan ma yana da amfani don yana cika ƙirji da iska. Ta shige bayan wani gilashi, na ji ƙit. Sai ta tsaya gaban kwamfuta ta daɗe tana duba hoton. Ba ta juyo ba ta ce, “In yana barci, wane gefe yake kwanciya?”

“Dama. In aka juya shi hagu sai tari ya tashe shi. Kuma daman ce take fito, hagu ba ta yi.”

Ta juyo ta dube ni sosai. “Wa ya gaya miki?”

“Ni nake masa wanka.”

“To ranar da tarin nan ya fara, me yake yi?”

Na dubi ƙofar, a rufe take. Na faɗa mata komai, faifan, da tukunyar, da guda biyun da ya tofo. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce, “Yaushe?” Na ce Alhamis ɗin nan sati biyar. Ta runtse ido kaɗan, ta ɗauki waya ta kira likitan, ta ce tana so ya yarda ta ƙara hoto biyu. Ta sa na kwantar da shi a gefen hagu ta ɗauka, na juya shi dama ta ɗauka.

Sannan ta kira ni gaban kwamfutar. Ban taɓa ganin cikin mutum ba. Ga haƙarƙarinsa jere kamar haƙoran mataji, ƙanana. Na ce ina irin yake? Ta ce, “Ba zai fito ba, ba ƙarfe ba ne, ba ƙashi ba. Sawunsa muke nema. Kin ga wannan ɓangaren ya fi baƙi, ya fi girma? Iska tana shiga, ba ta samun fita. Kuma huhun da aka kwanta a kansa ya kamata ya motse. Na hagu ya motse. Dubi na dama.” Na duba, yana nan a cike kamar ba a kansa aka kwanta ba. Ta ce, “Ni ba ni ke faɗin sakamako ba, aikin likita ne. Amma zan raka ki, ki faɗa masa da bakinki yadda kika faɗa min.”

Haka aka yi. Hajiya tana zaune a kujera, ni ina tsaye, na faɗa. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Hajiya mayafinta kawai ta gyara. Likitan ya rubuta takardar tura mu babban asibiti, ya ce yau, ba gobe ba, kuma kada a ƙara dukan bayansa.

Babansa ya taho daga Kurmi hannunsa duk jan rini. A cikin adaidaita sahu ya ji labarin. Mun wuce ƙofar gari kafin ya yi magana. “Sati biyar, Rabi?” Ya sake cewa, “Ni ma kunyata kike ji?” Bai ƙara ba har muka isa asibitin.

A babban asibiti aka ba mu gado, aka sa masa iska ta hanci da ƙarin ruwa. Aka ce da safe za a sa shi barci, a zura wani siririn bututu mai fitila ta maƙogwaro a ciro abin. Sunan aikin ya zauna min don sau uku likitan ya faɗa, bronkoskofi. Ya ce akwai haɗari, don abin ya daɗe, babansa ya sa hannu. Aka hana shi ci da sha, ya yi ta miƙo hannu yana cewa ruwa. Da aka tura shi ciki muka zauna a baranda mu uku. Hajiya tana jan carbi. Ya fi awa ɗaya.

Likitan ya fito da wata 'yar kwalba. Irin yana ciki, ya kumbura, ya yi baƙi, gefensa ya ruɓe. Ya ce nama ya fara rufe shi, kuma mugunya ta taru a bayansa. Ya ce, “Da ranar farko kuka zo, kwana ɗaya za ku yi ku tafi.” Bai faɗa da faɗa ba. Kwana tara muka yi. Magungunan sun yi tsada, babansa ya bar rumfa a rufe kusan duk kwanakin. Ma'aikatan ɗakin yara wasu kamar 'yan uwa, wasu sai ka kira sau uku ruwa ya ƙare kafin su taso. Kwana na uku na sa kunnena a bayansa, dama da hagu duk shiru, numfashi kawai.

Hajiya tana zuwa kullum da kunu a fulas. Da jikanta take magana, ni sai gaisuwa. Gwaggona da ta zo dubiya ta ja ni gefe ta ce ai da na bar shi a nimoniya, me ya kai ni tona kaina. Na ce mata da na bar shi a nimoniya da yanzu gaisuwar da za ta zo yi daban ce.

Yanzu wata uku ke nan. Yana ci, ya mayar da jikinsa, amma in ya yi gudu sosai yana gajiya kafin sa'o'insa, kuma mura ba ta wuce shi da wuri. Likita ya ce wurin zai warke a hankali, a riƙa kawo shi. Ban sani ba ko zai koma daidai. Kabewar kuwa, da muka dawo na tarar ta haye katanga har ta leƙa gidan maƙwabta. Na ɗauko wuƙa zan sare ta, babansa ya ce in bari, ba ita ta yi shiru ba. Ya kewaye lambun da waya, ya buga min ƙusa can sama, a nan nake rataye gwangwanin iri.

Da muka koma hoton bibiya, Malama Zinatu ta gane mu. Ta nuna min sabon kusa da tsohon, wannan karon ni na fara nuna mata inda ya canja. Ta yi dariya. Da na ga babu layi sosai sai na yi ƙarfin hali na ce, “Malama, wannan aikin yaya ake shigarsa?” Na zaci za ta yi min kallon mahaukaciya. Sai ta juya wata takarda ta rubuta min a bayanta. Ta ce sai na gama sakandare da sakamako mai kyau a darussa biyar, ciki har da lissafi da Turanci da wani wai fiziks. Daga nan akwai makarantar koyon aikin lafiya, akwai kuma jami'a ga wanda ya samu, ita ta fi tsawo. Ta ce ita ma da goyo ta yi nata, 'ya'yanta uku. Ta nuna min wani ɗan abu maƙale a rigarta da ke auna hasken da jikinta ya sha. Ta ce aikin akwai tsayuwa, akwai ɗaga marasa lafiya, akwai ganin abin da ba ka so ka gani kuma ba kai za ka faɗa ba.

“Ido kina da shi,” in ji ta. “Takarda ce ba ki da ita. Kuma ki sani ba a yin sa da sunkuyar da kai. Sai kin ce wa sa'an babanki ya cire riga.”

Na lissafa shekarun, suna da yawa. Ban san ko zan kai ba. Akwai makarantar matan aure da ake zuwa da safe, ba nisa da mu, na je na karɓo fom. Babansa ya ce shi bai hana ba, amma in tambayi Hajiya, don ita za a bar wa yaron.

Abin da nake so a ɗauka daga rubutun nan kaɗan ne. In yaro ya ƙware da gyaɗa ko wake ko wani iri, ko da ya dawo yana wasa, in tari ya biyo baya a faɗa wa likita, da wannan kalmar, ya ƙware. A ɗaga iri da ƙananan abubuwa sama. Kuma duk wadda ke wanke yaro ta fi kowa sanin jikinsa, ko ba ita ke zaune a kujera ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa duk wanda ya taimake mu.

Sati biyu fom ɗin yana ƙarƙashin katifa ban iya tunkarar Hajiya ba. Wata ranar Juma'a bayan la'asar ina tsinke zogale a tsakar gida, ta fito ta zauna a gefen tabarmar, ta ja reshe ɗaya ta fara taya ni. Yaron yana zaure da babansa. Na ce bari in faɗa yanzu. Ta saurara har na gama, hannunta bai tsaya ba.

Can ta ce, “Mijinki ba shi ne na farina ba.”

Ban taɓa ji ba. Shi ma, da na tambaye shi daga baya, suna kawai ya sani.

“Watansa tara. Gudawa da amai. Tun ranar farko na ga maɗigarsa ta faɗa, na ga idonsa ya zurma. Uwar mijina ta ce haƙori ne. A nan wurin nake tsaye, inda bokitanki suke, ina daka. Kwana uku ina gani ina daka.” Ta zubar da ganyen a kwano. “Da aka fita da shi ban yi kuka a gaban kowa ba. Aka yi ta yabona a unguwa, wai yarinya mai kunya.”

Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin.

Ta ɗauki wani reshen. “Makarantar taki, ƙarfe nawa ake tashi?”

“Sha biyu da rabi.”

“To ki je. Ni da maigida ma ji da kanmu, in ya ƙi cin abinci in kai shi gaban alƙali. Amma daga yau abin da kika gani a jikinsa ki faɗa min, ko ban tambaya ba. Ko a gaban wa.”

Na ce to. Ranar Litinin na kai fom ɗin, aka sa ni a aji biyu.